Kwandalar Senti Biyar Mai Ɓauna: Abin da Za Ka Duba Kafin Ka Yi Tayi

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da mutanen gida da sauran yaran shago. Saƙonka ya iso, na kuma duba hotunan da ka haɗo da shi. Ka ce wani bawan Allah ya kawo maka kwandaloli biyu na Amurka na senti biyar, masu kan mutum da gashin tsuntsu a gaba da hoton ɓauna a baya, ɗaya shekararta ta shafe ƙaf, ɗayar kuma ana iya karanta 1937 a jikinta. Ka ce ya kafe a kan kuɗi mai yawa, domin ya ga wani bidiyo a wayarsa inda aka ce an taɓa sayar da senti biyar ɗin Amurka fiye da dala miliyan huɗu. Kana tambaya nawa ya kamata ka taya, da kuma ko za ka iya wanke su da lemun tsami da toka don rubutun ya fito.

Zan fara da tambaya ta biyu, domin a nan ne hannunka zai iya yin ɓarnar da ba ta gyaruwa. Kada ka sa musu lemun tsami, ko toka, ko man goge tagulla, kada ma ka murza su da bakin rigarka. A lokacin da inji ya danna hatimin ƙarfe a kan ɗan faifan da zai zama kwandala, ƙarfen yakan malala daga tsakiya zuwa baki, ya bar waɗansu siraran layuka da ido ba ya iya rarrabewa, kuma su ne ke ba sabuwar kwandala sheƙinta. Idan ka kama ta ta gefe da yatsu biyu a ƙarƙashin fitila guda ɗaya, kana karkata ta sannu a hankali, za ka ga hasken yana kewaya fuskarta, ba ya tsayawa wuri ɗaya. Wadda aka goge kuwa tana ƙyalli, amma ƙyallin a mace yake, kuma da gilashin ƙara girma za ka ga ƙananan kujewa duk sun kwanta ɓangare guda, inda hannun mai gugar ya bi. Kamfanonin da ke tantance darajar kwandaloli ba sa ba kwandalar da aka goge makin lafiyar jiki, sai dai su rubuta a jikin marufinta cewa an wanke ta, mai saye kuma yakan zabtare rabin farashi ko fiye da haka. Ko wadda ta sha hannu har sheƙinta ya tafi, launin toka-toka da shekaru suka ba ta shi ne shaidar cewa ba a taɓa ta ba, masu tarawa kuma a haka suka fi son ta.

Maganar miliyoyin da mutumin ya ji gaskiya ce, sai dai ba a kan irin kwandalarsa aka yi ta ba. Kafin mai ɓauna akwai wata senti biyar mai kan mace a gaba da babban harafin V a baya, wadda aka buga daga 1883 zuwa 1912. A 1913 hukuma ta sauya zane, ba ta kuma ba da umarnin buga tsohon da sabuwar shekara ba, amma duk da haka sai guda biyar suka ɓulla masu ɗauke da 1913. Wani tsohon ma'aikacin gidan buga kuɗi mai suna Samuel Brown ya sa talla a ƙarshen 1919 cewa zai sayi irinsu dala 500 kowace ɗaya, a 1920 kuma sai ga shi yana nuna wa jama'a ita, abin da ya sa 'yan sana'a da dama suke zargin cewa tun farko a hannunsa suke. A yau biyu suna gidajen adana kayan tarihi, uku suna hannun masu tarawa, kuma ɗaya daga cikin ukun, wadda ta taɓa zama ta Louis Eliasberg, ita ce aka sayar a gwanjo dala miliyan 4.56 a 2018. Wata kuma ta ɓace wa duniya shekara arba'in bayan mai ita, George Walton, ya rasu a haɗarin mota a 1962, domin an shaida wa magadansa cewa jabu ce, sai a 2003 masana suka jera ta da sauran huɗun suka tabbatar da ita. Masu bidiyo suna son wannan labarin saboda yana sa kowa ya zazzage gwangwaninsa, amma ba sa faɗin cewa tun daga 2003 an san inda kowace ɗaya daga cikin biyar ɗin take. Duk wanda ya kawo maka ta shida, ka nemi alamar sassaƙa a kan lambobin, domin galibi 1903 ce ko 1910 ko 1912 aka gyara.

Mai ɓauna kuwa, wadda ke gabanka, an buga ta daga 1913 zuwa 1938, kuma jimillar abin da aka fitar ya haura biliyan ɗaya. Masassaƙin da ya zana ta shi ne James Earle Fraser, wanda ya ce fuskar da ke gaba haɗin kamannin mutum uku ce daga cikin 'yan asalin ƙasar, ya ambaci Iron Tail na ƙabilar Lakota da Two Moons na Cheyenne. Ƙaramin harafin F da za ka gani a ƙarƙashin shekara na sunansa ne. Na ambaci wannan ne domin sababbin shiga sukan ɗauke shi a matsayin alamar garin da aka buga kuɗin, su yi ta neman sa a littafin farashi ba su samu ba.

Kafin ka duba zane, ka ɗora kowace a kan ƙaramin ma'aunin masu zinariya. Nauyinta na asali giram 5 ne, faɗinta milimita 21.2, ƙarfenta kuma kashi 75 cikin 100 jan ƙarfe ne, kashi 25 nikel. Wadda ta daɗe tana yawo za ta ɗan gaza giram 5, wannan ba laifi ba ne, amma idan ta zarce sosai ko ta gaza sosai, to ka mayar wa mai ita abinsa. Ka kuma kusantar da maganaɗisu: ta gaskiya ba ta kamuwa, saɓanin senti biyar ɗin Kanada da aka fara bugawa da zallan nikel a 1922, wadda ke maƙalewa nan take.

Yanzu ɗauki wadda ba ta da shekara. Shafewar ba wani abin mamaki ba ce, aibi ne da zanen ya zo da shi, domin Fraser ya ɗora lambobin a kan kafaɗar mutumin, wurin da ya fi tudu, inda yatsu da aljihu suka fi gurza, shi ya sa irin waɗannan suke da yawa har ana sayar da su jaka-jaka a Amurka, kowace ɗaya ba ta kai dala guda ba. Duk da haka kada ka jefar da ita kafin ka juya bayanta. Dubi ƙasan da ɓaunar ke tsaye a kai. Idan tudu ne mai tasowa, rubutun FIVE CENTS kuma yana kwance a jikin tudun, to ka san shekararta ba tare da ka karanta ba, domin a watannin farko na 1913 kaɗai aka buga wannan samfurin. Da hukuma ta lura cewa rubutun darajar kuɗin zai shafe da wuri, sai aka sassaƙe tudun, aka ja miƙaƙƙen layi, aka nutsar da rubutun a ƙarƙashinsa, aka kuwa bar shekarar a inda take tana cinyewa. Daga nan sai ka kai idonka ƙasa da wannan rubutu, dab da baki. Idan babu komai, a Filadelfiya aka buga ta. Idan akwai D, a Denba. Idan S ce, a San Faransisko. Wannan ɗan harafin da bai kai ƙwayar gero ba, sau da yawa shi ne ke raba kwandalar dala ɗaya da ta dala ɗari.

Akwai wani sinadari da ake ɗiga wa gurbin shekarar, ya ci ƙarfen, lambobin su sake bayyana kamar inuwa. Yana aiki ne saboda ƙarfen da ke ƙarƙashin lambobin bai matsu daidai da na kewayensu ba a lokacin bugu, sai sinadarin ya ci su ba daidai ba. Ra'ayina a kansa shi ne, ba na hana shi gaba ɗaya, amma ban yarda a yi shi barkatai ba. Yana barin tabo mai kaushi wanda ko yaro zai gane, kuma kwandalar da aka fito da shekararta ta wannan hanya ba ta samun sai ɗan kaso na farashin 'yar'uwarta. Inda yake da ma'ana shi ne kwandalar da ta riga ta zama taka, ba ta da ko ɓurɓushin lamba, tana kuma da D ko S a baya tare da miƙaƙƙen layi, domin akwai yiwuwar ta fito 1913 ta San Faransisko, wadda aka buga guda 1,209,000 kawai. A kan ta wani kuwa ba ka da wannan izini, idan kuma ka zo sayarwa wajibi ne ka faɗa wa mai saye abin da aka yi mata tun kafin ya tambaya.

Ta 1937 ita ce ta fi bukatar natsuwarka, hoton da ka aiko kuma na gabanta ne kawai. Idan babu harafi a bayanta, ta Filadelfiya ce, an buga wajen miliyan 79, kuma idan ta sha hannu farashinta bai wuce dala ɗaya ko biyu ba. Idan akwai D, an buga kusan miliyan 18, ita ma gama-gari ce, sai fa idan ka ƙirga ƙafafun ɓaunar ka samu uku. A wannan shekara wani ma'aikaci a Denba ya goge wani hatimi da ya samu rauni, ya zarce da gugar har ya share ƙafar gaba ta dama, aka ci gaba da bugu da shi kafin a farga. Wannan ko ta tsufa takan kai ɗaruruwan daloli, saboda haka 'yan damfara suka daɗe suna kankare ƙafar lafiyayyar kwandala da zarto. Ga yadda za ka rarrabe. A ta gaskiya kofaton yana nan a ƙasa shi kaɗai, sandar ƙafar ce ta ɓace, filin wurin kuma sumul yake, launinsa ɗaya da na kewayensa. Ƙafar baya takan fito a rame, kamar an gutsuttsure ta. A ƙarƙashin cikin dabbar akwai jerin ƙananan ɗigo masu tudu da suka lanƙwaso zuwa ƙasa. Sannan a saman bayanta, haruffan P da U na farkon kalmomin PLURIBUS da UNUM ba sa taɓa jikin ɓaunar, alhali a ta yau da kullum sun kusa haɗewa da shi. Mai zarto yana iya cire ƙafa, amma ba ya iya ƙirƙiro waɗannan alamomi gaba ɗaya, domin daga hatimin suka fito.

Bayan shekara da harafi sai lafiyar jiki, kuma a nan ne ake gane wanda ya iya sana'a. Ma'aunin da ake amfani da shi yana tafiya daga 1 zuwa 70, William Sheldon ne ya kawo shi a 1949, daga 60 zuwa sama kuma na waɗanda ba su taɓa yawo a hannun jama'a ba ne. Kamar yadda dillalin shanu ke buɗe bakin bijimi ya duba haƙora kafin ya ce uffan, mu ma a wannan kwandala ƙaho muke fara dubawa. Idan ƙahon ya ɓace baki ɗaya amma ana karanta shekara, tana wajen maki 4. Idan rabinsa ya fito, 8. Idan kashi uku cikin huɗu, 12. Idan ya fito cikakke har tsininsa, sauran jikin kuma bai ci sosai ba, ta doshi 40. Daga nan sai ka duba ƙashin ƙugun ɓaunar da kuncin mutumin da gashin da ke saman kitsonsa, domin su ne ke fara dusashewa.

Sai dai akwai tarko a cikin wannan ƙa'ida, kuma shi ne dalilin da ya sa ba na son ka haddace ta kamar karatu. A tsakiyar shekarun 1920 gidajen Denba da San Faransisko sun riƙa bugu da hatimai da suka gaji, har aka samu kwandalolin da suka fito daga inji ba tare da cikakken ƙaho ba. Idan ka auna irin wannan da ƙaho kaɗai za ka zalunce ta. Abin da zai raba maka gardama shi ne fitila. Wurin da bugu bai cika ba yana nan da sheƙinsa, hasken yana bi ta kansa ya wuce ba tare da ya yanke ba, wurin da hannu ya cinye kuwa launinsa ya sauya, hasken kuma yakan tsaya a bakinsa. Ba a koyon wannan daga takarda, sai ka jera guda goma a kan farin ƙyalle kana kwatanta su har idonka ya saba.

Wani abin da nake so ka cire daga ranka shi ne cewa tsufa ko ƙarancin bugu kaɗai ke sa tsada. Abin tambaya shi ne guda nawa suka rage, kuma a wane hali. Ta 1926 mai S ita ce mafi ƙarancin bugu a cikin masu ɓauna, guda 970,000, ba wanda ya damu da ajiye ta a lokacin, don haka tsohuwarta tana da sauƙin kuɗi amma sabuwarta dubban daloli ce. Ta 1931 mai S an buga 1,200,000 ne kacal, amma 'yan kasuwa sun farga da wuri sun ɓoye ta da yawa, sai ga shi har yau ana samun ta da sheƙinta a farashin da bai taka kara ya karya ba. Haka ta faru da mai V ta farkon 1883, wadda aka fitar ba tare da kalmar CENTS ba, macuta suka riƙa shafa mata ruwan zinariya suna miƙa ta a matsayin dala biyar, hukuma ta ƙara kalmar a cikin shekarar, jama'a kuma suka ɓoye ta farkon da zaton za ta yi wuya, ta zama ita ce mai arha. Ka riga ka san irin wannan a kayanmu na gida: kwabo mai huda na 1936 mai sunan Sarki Edward na Takwas, wanda kowa ke kawowa da ɗoki don sarautarsa ba ta cika shekara ba, alhali an buga shi da yawan gaske.

Ka riƙe waɗannan ma a ka. Ba a buga mai ɓauna ba sam a 1922 da 1932 da 1933, a 1938 kuma Denba kaɗai ta buga, saboda haka duk wadda ta saɓa wa wannan ba ta bukatar dogon bincike. A kan ta 1918 mai D ka duba ko akwai 7 a ɓoye ƙarƙashin 8, a kan ta 1916 marar harafi kuma ka duba ko lambobin da gashin tsuntsun sun fito biyu-biyu, domin waɗannan biyun suna cikin mafi tsada ko da sun tsufa. Duk lokacin da harafin D ko S ne ke ɗaga farashi, ka karkata kwandalar ka leƙa gindin harafin da gilashi. Na asali yana tasowa daga jikin ƙarfen ba tare da tsaga ba, wanda aka liƙa kuwa yakan bar siririn layi ko baƙin launi a kewayensa.

Tun da gwangwanayen kuɗin waje suna zuwa maka, za ka fi cin karo da wadda ta gaji mai ɓauna a 1938, mai kan Thomas Jefferson a gaba da gidansa a baya. Galibinsu senti biyar ɗinsu kawai suke, amma ka ware waɗanda ke da babban harafi, P ko D ko S, a saman ƙubbar gidan. An buga su daga 1942 zuwa 1945, lokacin da yaƙi ya sa aka bukaci nikel, aka maye gurbinsa da azurfa kashi 35 cikin 100, wato giram 1.75 a kowace ɗaya, don haka farashinsu yana bin na azurfa. Idan ka ga ta 1944 ba ta da wannan harafi, aikin wani mai buga jabu ne, Francis Henning, wanda ya manta da shi a shekarun 1950, abin dariyar kuma shi ne a yau masu tarawa suna sayen jabun nasa fiye da ta gaskiyar.

Game da tayi kuwa, kada ka ɗauki farashin da mutane ke rubutawa a intanet a matsayin hujja, domin kowa yana iya neman abin da ya ga dama. Ka nemi abin da aka biya a gwanjon da aka riga aka kammala. Littafin farashin da ake fitarwa duk shekara tun bugun 1947, wanda 'yan sana'a ke kira Jan Littafi saboda launin bangonsa, yana nuna abin da mai shago ke sayarwa ne, ba abin da yake saye ba, dole ka rage ka bar wa kanka riba da kuɗin jira. Aika kwandala ga kamfanonin tantancewa irin su PCGS da NGC yana cin kuɗin aiki da na sufuri da na inshora, wanda ya ninka darajar gama-gari sau da yawa, don haka ba a yin sa sai ga wadda ake kyautata zaton ta ɗaruruwan daloli ce.

Idan ka juya waɗannan biyun ka samu miƙaƙƙen layi babu harafi a ta farko, ƙafa huɗu kuma a ta biyu, ka taya su duka da kwatankwacin dala ɗaya ko biyu, ka nuna wa mutumin dalili da gilashi a hannunsa, idan bai sallama ba ka bar shi ya tafi da abinsa cikin mutunci. Idan kuwa ka ƙirga ƙafa uku, alamomin da na lissafa kuma suka cika, kada ka saye ta da arha don bai sani ba. Ka gaya masa abin da kake zato, ku rubuta yarjejeniya a kan la'adarka a gaban shaida, ka sa ta a ƙaramin ambulan takarda ita kaɗai, ba a cikin leda mai laushi ba, domin irin wannan ledar tana fitar da wani kore mai danƙo da ke cin ƙarfe, musamman da damina. Sannan ka ɗauko mini hoton bayanta da rana a bakin taga, ɗaya na ƙarƙashin cikin ɓaunar, ɗaya na wurin harafin, kafin mu yanke shawarar aika ta.